ISO nawa ya dace bayan an cire wa kyamara matatar haske?

Dare-da-Kyamara:
Assalamu alaikum. Ina ɗaukar hotunan taurari da dare. Na sa an cire wa kyamarata Canon 600D matatar da ke gaban sensa (ɓangaren da ke kama haske a cikin kyamara), aka saka wadda ke barin jan hasken haidurojin ya wuce. Tun daga lokacin duk hoton da na ɗauka jajir yake fitowa, har sararin samaniyar kansa. Ina ɗaukar kowane hoto na minti biyu a ISO 1600 (ISO shi ne saitin da ke haskaka hoton da sensa ta kama) da buɗin lens f/2.8, bisa na'urar da ke bin tafiyar taurari. Shin in sauko ISO 800 in tsawaita lokacin, ko in bar shi yadda yake?

Mai Hangen Nesa:
Wa alaikumus salam. Malam, ai wannan jan shi aka yi aikin dominsa. Hasken H-alfa, wato jan hasken haidurojin ɗin, yana kan nanomita 656, kuma matatar asali kusan kashi ɗaya cikin huɗu kaɗai take bari ya isa sensa. Muddin RAW (ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba) kake ɗauka, launi ba abin damuwa ba ne, domin manhajar gyaran hoto ta Siril za ta daidaita maka shi daga baya. Abin da ya kamata ka sa wa ido shi ne histogiram mai launi uku, wato zanen da ke nuna yawan hasken ja, kore da shuɗi a hoton: tudun ya rabu da gefen hagu, ya tsaya wajen sulusin faɗin, kuma da yake yanzu ja ne ke riga sauran cika, shi za ka duba kafin kore da shuɗi.

Tsohon Ɗalibi:
Ni dai 800 zan zaɓa, ko da yake bambancin bai kai yadda ake zuzuta shi ba. ISO ba ya ƙara hasken da ya shiga. Buɗin lens da tsawon lokaci ne ke yin wannan. A 1600 yashi-yashin da sensa ke haifarwa yayin karanta hoto yana ɗan raguwa, amma taurari masu haske sukan ƙone da wuri su rasa launinsu. Masu Nikon D5300 sukan tsaya a 200 ko 400 saboda sensarsu daban ce, don haka kada ka kwafi saitin kowa. Ka gwada a dare ɗaya: hoto 30 na minti biyu a 1600, da hoto 15 na minti huɗu a 800, kowanne da baƙaƙen hotunansa da aka ɗauka lens a rufe, a ISO ɗaya da zafi ɗaya.

Mai Hangen Nesa:
Na yarda, amma kada gwajin ya zama a kan Kaza Mai 'Ya'ya, domin hazon da ke kewaye da ita shuɗi ne, gyaran kyamarar ba zai nuna komai ba. Hazon sararin samaniya masu jan haske irin su NGC 1499 ko NGC 7000 sun fi dacewa. Kuma wajen saita lens don taurari su fito tar, ka daina dogara da alamar nesa da ke jikinsa, tunda canjin matata yakan gusar da ita. Ka faɗaɗa tauraro ɗaya sau goma a allon kyamara ka saita da hannu.

Dare-da-Kyamara:
Na gode ƙwarai, malamai. Damuwata ita ce ko na'urata za ta riƙe minti huɗu ba tare da taurari sun ja wutsiya ba. In ta kasa, zan tsaya a minti uku.