Wasu ƴan kallo sun tafa, wasu sun tashi sun fita: in rage waƙoƙin ko in bar su?

Sanusi:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Yau kwana huɗu rabona da barcin kirki, shi ya sa na kawo maganar nan gabanku.

Ni malamin makaranta ne a nan Tawa, ɗan kwantaragi. Teyatur kuwa, wato wasan kwaikwayo na dandali, gado na yi. Kawuna, Allah ya jiƙansa, yana cikin samariyar unguwarmu tun zamanin Janar Seyni Kunce, kuma ya wakilci Tawa a wasannin matasa na ƙasa. A ɗakinsa akwai wani tsohon akwatin ƙarfe cike da rawuna, da gemun auduga, da jar hular dogari da asu ya ci gefenta. Ina ɗan shekara tara nake bin sa da akwatin nan a ka. Ranar da zai rasu ya sa aka kira ni daga aji, ya miƙa mini mabuɗin, bai ce komai ba. Har yau jar hular nan muke sawa a wasa.

To bana na ce bari mu yi abin da ba mu taɓa yi ba: wasan da waƙa da rawa ne ke ɗauke da labarin tun daga fari har ƙarshe. Labarin wata mata ce a wani ƙauyen Adar, mijinta ya tafi cirani Abijan ya ce mata sai damina, damina bakwai ta wuce bai dawo ba. Mu 14 ne, wata takwas muna repetisiyo a filin makaranta bayan la'asar. Waƙa 11, tsawon wasan awa biyu da minti 20. Kiɗan a studiyo muka haɗa shi, muka riƙa sakinsa ta sono.

Ranar Asabar muka nuna shi, shiga jikka guda, ƴan makaranta dala ɗari. Wuri ya cika. Ana cikin waƙa ta uku sai na ga dattawan da ke kujerun gaba suna miƙewa ɗaya bayan ɗaya. Wani da yake fita ya faɗa da ƙarfi har na ji daga bayan labule: "Wanga ba teyatur ba na, biki na." Amma samari da ƴan mata tafi suke har da tsayuwa, kuma na ga mata suna share hawaye da bakin mayafi. Tun ranar, kowace fada ka zauna gardamar ke nan. Wasu na cewa ba a taɓa yin irinsa a garin nan ba, wasu na cewa kwaikwayon fim ɗin Indiya ne muka yi.

Yanzu wani abokina ya samar mana damar nuna shi a Yamai bayan salla. Rabin yarana sun ce a rage waƙoƙin su koma biyar. Yarinyar da ke fitowa a matar kuma ta ce in aka taɓa waƙoƙinta ita ta bar wasan. Me zan yi?

Mushe Ibro:
Ɗana Sanusi, ina wurin, kuma ina cikin waɗanda suka fita, ba zan ɓoye maka ba. Na san kawunka, mun hau dandali ɗaya da shi. A wasannin matasa na lokacinmu teyatur daban, bale (wasan rawa) daban, waƙa daban, kowanne da alƙalansa. Ba don rashin wayo aka raba su ba. Dubi Yazi Dogo da mutanensa: magana ce kawai da fuska da tafiya, amma in Tele Sahel ta sa wasansu, tsoho da yaro ba mai motsawa. Kai kuwa da zarar magana ta fara daɗi, uwar miji ta buɗe baki za ta faɗa wa surukarta abin da ke ranta, sai ka katse ta da kiɗan na'ura. Ka rage su koma uku. Uku ma na yi maka sassauci.

Maman Rabi:
Baba Mushe, ka gafarce ni, amma da ka zauna da ka ga wurin turmi. Yarinyar tana daka, salula na ajiye a kan tabarma, tana sake kunna saƙon muryar mijin, tana ba shi amsa da waƙa, taɓarya na faɗuwa daidai da kiɗan. Wallahi sai da na rufe fuskata. Nawa mijin shekara shida ke nan yana Libiya. Sai ya yi wata uku bai kira ba, in ya kira kuma tambayar farko ita ce akuyarsa ta haihu? Uwarsa tana nan tsakar gida tana ƙirga mini loma, in na je asibiti da yaro ta ce yawo na tafi. Wa zan faɗa wa? Malam Sanusi, kada ka taɓa waƙar nan.

Sanusi:
Baba Mushe, na gode, kuma girmanka ne. Sai dai ba katse maganar uwar miji na yi ba, da gangan ne. Macen da ke zaman jira ba ta iya mayar wa uwar mijinta magana a fili, sai a waƙar daka ko ta niƙa take habaicinta. Haka iyayenmu mata suke yi tun kafin a san fim ɗin Indiya a ƙasar nan.

Mushe Ibro:
To in waƙar daka ce, ina ruwanta da piyano? Garin da ake gasar kiɗa da waƙa ta Ɗan Gurmu, garin da aka fara kokawar takobi a 1975, ka rasa mai kalangu ɗaya da mai gurmi ɗaya? Je filin kokawa ka ga yadda makaɗi ke bin ƙafar ɗan kokawa, in ya yi sauri ya yi sauri, in ya tsaya ya jira shi. Na'ura ba ta jiran kowa. Na ga yaron da ya fito a direba yana gudu da bakinsa don ya cim ma kiɗan. Ina ɗan ƙanwar babanka mai kalangu da kuke wasa tare bara?

Sanusi:
Wannan maganar gida ce, Baba, mu bar ta.

Laminu mai sono:
Ni ba ni na yi muku aikin ranar ba, amma na tsaya daga can baya. Gaskiyar da ba wanda ya faɗa ita ce daga tsakiyar fili zuwa ƙofa ba a jin baitin waƙa ko ɗaya, kiɗa kawai ke dukan ƙirji. Mikoro biyu mutum 14 ke karɓa-karɓa, ɗaya ma batirinsa ya mutu tun kafin a yi rabi. An kuma ajiye lasifika a bayan masu waƙa, shi ya sa take ta ƙara mai tsinka kunne duk sa'ad da yarinyar ta matso kusa da ita. Wanda bai ji kalma ba dole ya ce biki ne. Amma haka ƴan teyatur kuke, ku kashe kuɗi a anko da kwalliya, in an zo kan sono ku ce a yi don Allah. Akwai wata ƙungiya da na yi wa aiki dare biyu tun kafin azumin bara, da man janareta daga aljihuna, har yau jikka 15 ɗina na wurinsu. In mun haɗu a kasuwa sai shugabansu ya shiga waya ta ƙarya.

Sanusi:
Laminu, dattawan da suka fita a gaba suke zaune, sun ji komai. Ba matsalar sono ba ce.

Laminu mai sono:
A gaban ne ƙarar ta fi tsanani ai, Malam.

Zainabu daga Yamai:
Yaya Sanusi, ni guntayen bidiyon na gani a WhatsApp, kuma shawarata kishiyar ta Baba Mushe ce. A nan Yamai da yawan masu zuwa kallo Zabarmanci ne a bakinsu, wasu kuma Faransanci. Suna jin Hausar kasuwa, amma Adaranci mai kauri irin na uwar mijin nan zai wuce su. Waƙa da rawa su ne za su riƙe maka su. In ma ragewa za ka yi, dogon zancen fadar mai gari za ka rage. Abin da nake so in sani shi ne a ina za ku yi? In filin CCOG ne, wato cibiyar al'adu ta Umaru Ganda, wuri ne babba a sarari, mutum ɗari biyu in sun zauna ciki kamar ba kowa. Kuma wa zai biya motar mutum 14 da kaya, fiye da kilomita 500 ta Konni da Dogon Dutsi da Doso, zuwa da dawowa, ga masauki ga abinci?

Mushe Ibro:
Ƴata, Yazi Dogo da Hausa ya yi wasa a Yamai shekara da shekaru, Zabarmawa suna dariya har da riƙe ciki. Wasa in ya yi kyau ba ya bukatar tafinta. Ku yaran yanzu kun saba da kallon minti ɗaya a salula, shi ya sa kuke ganin duk abin da babu rawa ciki ya yi tsawo. Sanusi, ka zo gida gobe bayan magariba da takardun wasan, in ɗauki jan bik in nuna maka inda za ka yanke. Kwana biyu ya ishe mu.

Maman Rabi:
Baba, in ka yanke wurin turmi ka yanke mu ne.

Abdu Tela:
Ni ne na ɗinka kayan wasan, ba na cikin gardamar waƙa. Tambaya ɗaya gare ni, Malam Sanusi: kuɗin studiyo da na haya da aka ce an ranto, na ƙofa sun rufe su? Don kafin a yi maganar Yamai ya kamata a san wannan. Ni dai saura rabin nawa.

Sanusi:
Abdu, naka na nan tafe ƙarshen wata in an biya mu, ka yi haƙuri. Zainabu, wurin ba a tsayar ba tukuna, abokina ya ce in bar masa wannan. Baba Mushe, zan zo gaishe ka in sha Allahu, amma jan bik kam ban yi alkawari ba. Kowace waƙa cikin 11 ɗin nan na san daren da na rubuta ta. Ta bakwai, wadda matar ke ƙirga damina da tsakuwa a cikin ƙwarya, daga bakin innata na ɗauko ta, ita ma ta yi irin wannan zaman. Kuma mutanen da suka tsaya har ƙarshe sun fi waɗanda suka fita yawa, na ƙirga kujerun da idona. Abin da nake tambaya tun farko shi ne yadda zan riƙe yarana kada ƙungiyar ta rabe biyu. Jiya mutum shida kawai suka zo repetisiyo.

Mushe Ibro:
Shidan nan, masu son a rage ne ko masu son a bari?

Zainabu daga Yamai:
Yaya, abokin naka ya ba ka rana ko a baki ne kawai? Ka tura mini sunan unguwar in je in duba wurin da kaina.

Laminu mai sono:
In za ku tafi dai ku nemi mikoro shida aƙalla, da batir sabo a kwali. Ni ina da huɗu, amma sai an ba ni rabin kuɗi a hannu.