Bashin Najeriya da na Ghana: me ya sa ƙaramar ta durƙushe, babbar tana tsaye?

Ɗan_Kubwa:

Assalamu alaikum. Gardama ce ta ɓarke a majalisa nan Kubwa bayan isha'i, har aka watse ba a daddale ba. Wani ya ce tattalin arzikin Najeriya ya ninka na Ghana kusan sau uku, bashinmu ma ya fi nasu yawa, amma Ghana ce ta ɗaga hannu a 2022 ta ce ba za ta iya biya ba. Wani kuma ya ce kada mu ruɗi kanmu, an ce bashinmu ya sauko ƙasa da kashi 40 cikin 100 na GDP alhali ko sisi ba a rage ba. Masana, da wane mudu ake auna ƙasashe biyu irin waɗannan? Tsakaninmu da su, wa ya fi shiga uku?

Malam_Garki:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kowannensu ya riƙe rabin gaskiya.

GDP shi ne jimillar darajar kaya da ayyukan da aka samar a cikin ƙasa a shekara guda, daga buhun masarar manomi zuwa katin waya da kuɗin ɗan acaɓa. Ba kuɗin gwamnati ba ne, kuma a nan yawancin masu gardama suke zamewa.

A 2024 GDP na Najeriya ya kama naira tiriliyan 372.8, kimanin dala biliyan 243. Na Ghana dala biliyan 80 da 'yan kai. Ga sau ukun da abokinka ya faɗa. Amma raba da yawan jama'a: a shekarar mu mun haura miliyan 220, su ba su kai miliyan 35 ba. Sai ka ga kason ɗan Ghana ɗaya ya haura dala 2,000, na ɗan Najeriya kuwa dala dubu ne da ɗan abin da ba a rasa ba. Tukunyarmu babba ce, hannuwan da ke cikinta ne suka yi yawa.

Batun kashi 40 ɗin kuma ga yadda ya samo asali. Ofishin Kula da Basussuka, DMO, ya ce a ƙarshen Disambar 2024 ana bin gwamnatin tarayya da jihohi 36 da Abuja naira tiriliyan 144.67. A tsohon lissafi wannan ya haura rabin GDP. A Yulin 2025 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta sake awon tattalin arzikin, ta matsar da shekarar tushe daga 2010 zuwa 2019, ta shigar da harkokin da a da ba a ƙirga su sosai, sai GDP ya ƙaru da kusan kashi ɗaya bisa uku. Raba 144.67 da 372.8, za ka samu kusan kashi 39. Ba maguɗi ba ne, haka ƙa'idar aikin take. An yi irinsa a 2014, GDP na 2013 ya tashi daga kimanin dala biliyan 270 zuwa 510, muka wayi gari mun wuce Afirka ta Kudu. Ghana ma ta yi nata a 2010, nata ya ƙaru da kusan kashi 60. Sai dai sake awo ba ya saka ko kwabo a baitulmali.

Don haka ni ban cika ba wa wannan mudun muhimmanci ba. Bashi da kuɗin shiga ake biyansa. Ɗan kasuwar Wuse da ya cika rumbu uku da kaya amma ribar da ke shiga aljihunsa ba ta taka kara ta karya ba, mai binsa bashi ba rumbun zai duba ba. Harajin da Najeriya ta tara a 2021 kashi 10.86 ne kacal na GDP, tun ma kafin a faɗaɗa GDP ɗin, wanda hakan ya ƙara ƙanƙantar da kason. Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa a 2022 biyan bashi ya lashe kashi 96 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya. Wato albashi da ayyuka, kusan duk da sabon rance aka yi su. A kasafin 2025 na naira tiriliyan 54.99, an ware sama da tiriliyan 14 don biyan bashi kawai.

Hajiya_Maitama:

Malam ya kawo lissafin. Bari in ƙara da yadda Ghana ta faɗi, don ba girman bashin kaɗai ya kayar da ita ba.

Ƙasashen biyu kusan tare suka fita daga ƙangi. Ghana ta samu yafiyar bashi a 2004 a ƙarƙashin shirin ƙasashe matalauta masu fama da bashi. Najeriya ta daidaita da ƙungiyar masu ba da rance ta Paris a 2005, zamanin Obasanjo da Ngozi Okonjo-Iweala: an yafe dala biliyan 18, ta biya kimanin biliyan 12. Daga nan kowa ya kama hanyarsa.

Ghana ta shiga kasuwar takardun lamunin dala, waɗanda ake kira Yurobon, tun 2007 da dala miliyan 750 a kan ruwa kashi 8.5. A shekarar ce aka gano man fetur a rijiyar Jubilee, kowa na ganin kakarsu ta yanke saƙa. Daga baya abin ya zama jiki: dala biliyan 3 a 2019, biliyan 3 a 2020, biliyan 3 a 2021. Ga ɗawainiyar gyaran bankuna na 2017 zuwa 2019 da ta ci sama da sidi (kuɗin Ghana) biliyan 20, ga yarjejeniyoyin lantarki irin na "ko ka sha ko ba ka sha ba sai ka biya", ga kuma korona.

Irin wannan bashin yana da hali guda. Ba a biyan uwar kuɗin daga haraji, sabon rance ake ci a biya tsohon. Muddin kasuwa a buɗe take, lafiya lau. A farkon 2022 kamfanonin auna cancantar cin bashi, Fitch da Moody's, suka rage wa Ghana daraja, a watan Maris babban bankin Amurka ya fara ɗaga kuɗin ruwa, masu dala suka ja jakarsu. Ƙofa ta rufe. Gwamnati ta koma kan ajiyar kuɗin waje da babban bankinta, sidi ya yi ta zubewa, hauhawar farashi ta kai kashi 54.1 a Disamba. Da sidi ya karye, bashin dala ya kumbura idan an juya shi zuwa kuɗin gida, har jimillar bashin ta haura kashi 90 na GDP a lissafin Asusun Ba da Lamuni na Duniya, IMF. Ministan kuɗi na lokacin, Ken Ofori-Atta, da bakinsa ya ce biyan bashi na cinye fiye da rabin kuɗin shiga. Ranar 19 ga Disambar 2022 aka dakatar da biyan mafi yawan bashin waje.

Abin da ya fi ciwo na cikin gida ne. A Oktoba Shugaba Akufo-Addo ya yi alkawarin ba za a yi wa masu takardun lamuni aski ba, wato ba za a zaftare musu kuɗinsu ba. Da Disamba ta zo aka kawo musu tayin musanya: ba ruwa ko kaɗan a 2023, kashi 5 a 2024, kashi 10 daga 2025, wa'adin biya kuma har zuwa 2037. An sassauta sharuɗɗan bayan ƙungiyoyin ƙwadago sun yi barazanar yajin aiki, amma sai da tsofaffi 'yan fansho suka yi ta zaman dirshan a ƙofar ma'aikatar kuɗi a Accra, har da tsohuwar babbar alƙaliyar ƙasar, Sophia Akuffo. Ba a taɓa uwar kuɗin a takarda ba, gaskiya ne. Amma wanda aka hana wa ruwa ana cikin hauhawar kashi 50, ai an aske shi ƙwal.

IMF ta ba su rancen dala biliyan 3 a Mayun 2023, karo na 17 ke nan da Ghana ta je wurinta. Kwamitin ƙasashen da ke bin ta bashi, wanda Sin da Faransa ke jagoranta, ya amince da sake tsara dala biliyan 5.4 a Janairun 2024. Masu Yurobon na dala biliyan 13 kuwa sun haƙura da kashi 37 a Oktoban 2024.

Ɗan_Kubwa:

Allah ya saka da alheri, Malam da Hajiya. To amma in haka ne, mu ma ai bashinmu ya tashi daga tiriliyan 46 zuwa 144 cikin shekara biyu. Ina aka kai kuɗin? Kuma da gaske ne Sin ce ta fi bin mu?

Malam_Garki:

Yawancinsa ba sabon kuɗi ba ne da ya shigo hannu. Abu biyu ne suka faru a 2023.

Na farko, naira tiriliyan 22.7 da gwamnatin Buhari ta riƙa karɓa kai tsaye daga Babban Banki, wanda ake kira Ways and Means. Dokar bankin ta taƙaita irin wannan rance a kashi 5 na kuɗin shigar shekarar da ta gabata, aka keta iyakar nesa ba kusa ba, kuma ba ya cikin littafin DMO. A Mayun 2023 majalisa ta amince a mayar da shi takardun lamuni na shekara 40 a kan ruwa kashi 9, sai ya bayyana a lissafi rana ɗaya. An riga an kashe shi tuntuni.

Na biyu, sakin naira a Yunin 2023, wato barin kasuwa ta yanke canjinta. Bashin dala biliyan 1 a kan canjin 460 naira biliyan 460 ne. A kan 1,500 ya zama tiriliyan 1.5, ba tare da an ranto ko dala ɗaya ba. A ƙarshen 2024 bashinmu na waje ya kusa dala biliyan 46, sai ka yi lissafin da kanka. Shi ya sa idan ka duba jimillar da dala, dala biliyan 103 ce a ƙarshen 2022, biliyan 94 a ƙarshen 2024. A naira ya ninka sau uku, a dala ya ragu. Duk wanda ya kawo maka ɗaya ya ɓoye ɗayan, siyasa yake yi.

Sin kuwa ba ita ce kan gaba ba. Nata kimanin dala biliyan 5 ne, irin wanda aka yi layin dogon Abuja zuwa Kaduna da shi, wanda aka buɗe a 2016. Bankin Duniya ne babban mai bin mu, kuma nasa mai sauƙin ruwa ne da dogon wa'adi. Wannan yana cikin abin da ya raba mu da Ghana: kason rancen 'yan kasuwa a bashinta na waje ya fi namu nauyi, ga shi kuma baƙi sun riƙe wani kaso mai tsoka na takardunta na sidi, da suka tsorata suka fice tare.

Baban_Nana_Nyanya:

Da izinin Malam, ni ban yarda da yadda aka ɗora tambayar ba tun farko, wai babbar tana tsaye. Ghana ta gaza biya a fili, an zauna a teburi an ce wane zai yi asarar kaza. Mu ba mu gaza a takarda ba, amma an yi asarar, ba a dai kira taro ba. Wanda ya sayi takardun lamunin gwamnati da naira a 2020, ko ma'aikacin da fanshonsa ke zube a cikinsu, an biya shi kuɗinsa cif, amma da nairar da ta rasa fiye da kashi biyu bisa uku na darajarta a kan dala. Kusan rabin bashinmu na naira ne, kuma mai injin buga kuɗi ba ya gaza biyan bashin kuɗinsa. A kasuwa ake karɓe bambancin, wurin mudun shinkafa.

Sannan akwai abin da teburin DMO ba ya nunawa: kuɗin 'yan kwangila da ba a biya ba, bashin da kamfanonin samar da lantarki ke bin gwamnati, da rancen da aka jinginar da ɗanyen mai, kamar dala biliyan 3.3 da kamfanin NNPC ya nema daga bankin shige da ficen kaya na Afirka, Afreximbank, a 2023. Gangar da aka jinginar ba za ta kawo dala asusun tarayya ba. Ghana ma irin wannan ɓoyayyen bashin na lantarki da hukumar koko ne ya ƙara mata nauyi.

Tsadar rancen ma abin dubawa ne. Yurobon ɗin da muka sayar a Disambar 2024, dala biliyan 2.2, a kan ruwa kashi 9.625 da 10.375 aka karɓa. Ghana da kashi 8.5 ta fara. A gida kuma, da Babban Banki ya kai ma'aunin ruwansa kashi 27.5, takardun gwamnati na gajeren wa'adi sun riƙa biyan sama da kashi 20. Bankin da zai samu wannan ba tare da zufa ba, me zai kai shi ba mai masana'anta a Idu rance?

Abin da na yarda da shi shi ne muna da madogara da Ghana ba ta da ita: ajiyar kuɗin waje da ta kai wajen dala biliyan 40 a ƙarshen 2024, ga dalar mai tana shigowa kowane wata. Mun ma gama biyan IMF dala biliyan 3.4 na lokacin korona a Afrilun 2025.

Hajiya_Maitama:

Baban Nana, a yi wa Ghana adalci a ɗaya gefen ma. A 2025 sidi ya farfaɗo daga sama da 15 a kan dala zuwa kusan 10 da ɗan wani abu cikin 'yan watanni, saboda zinari ya yi tsada kuma ita ce kan gaba a Afirka wajen haƙo shi. Nan take kason bashinta a GDP ya faɗi, ta hanyar da namu ya tashi a 2023, sai dai a juye. Ba ƙoƙarin biya ne kaɗai ya kawo hakan ba, kuma ranar da zinari ya karye lissafin zai sake juyawa.

Ɗan Kubwa, idan za ka koma majalisa da alƙaluma, ka ɗauko na ƙasashen biyu daga wuri guda, ko IMF ko Bankin Duniya, na shekara guda. Kada ka haɗa na DMO da na IMF, don ba abu ɗaya suke ƙirgawa ba. Ka tabbatar ko GDP ɗin na kafin sake awo ne ko na bayansa. Bashi da canjin ranar ƙarshen shekara ake juya shi, GDP kuwa da matsakaicin canjin shekara, to a shekarar da kuɗi ya karye kason zai fito da kumburi fiye da kima. Ka kuma bambanta kuɗin ruwa kaɗai da biyan bashi gaba ɗaya, wanda ya haɗa da uwar kuɗi. Jaridu kan cakuɗa su. Sai jadawalin wa'adi: nawa ne zai nuna a shekara biyu masu zuwa, kuma da wane kuɗi za a biya. Sharaɗin da IMF ta gindaya wa Ghana zai ba ka abin gwaji: zuwa 2028 darajar bashin a kuɗin yau kada ta wuce kashi 55 na GDP, biyan bashin waje kuma kada ya wuce kashi 18 na kuɗin shiga. Ɗora Najeriya a kan na biyun ka gani.