Kaɗanya biyu a gona ɗaya, ɗaya na zuba 'ya'ya ɗayar sai ganye

Mai_Gandu:
Assalamu alaikum masana itatuwa, don Allah ina da tambaya. Akwai kaɗanya guda biyu a gonarmu kusan sa'annin juna ne, ƙasa ɗaya ruwa ɗaya, amma ɗaya duk shekara sai ta yi 'ya'ya kamar rassan za su karye, ɗayar kuwa ganye kawai take tarawa, in ta ɗan taɓuka bana to baɗi ba abin da za ka tsinta a gindinta. Iri ne ya bambanta ko ciwo ne? Wallahi har na fara tunanin sare ta.

Ɗan_Daji:
Wa alaikumus salam. Haba malam kar ka sare tukuna, bishiyar da ke cin shekara 15 zuwa 20 kafin ta fara haihuwa ai ba a yi mata gaggawa. Yawancin kaɗanya ba dasa su aka yi ba, daga ƙwallo suka fito da kansu, shi ya sa kowace da halinta, wata mai yawan 'ya'ya wata marowaciya, kuma ɗabi'arta ce ma ta cika bana ta huta baɗi. Sannan ita da rani take fure cikin hunturu, 'ya'yan su nuna farkon damina, to in wuta ta bi ta gindinta lokacin ko iska ta kakkaɓe furen ko ƙudan zuma suka yi ƙaranci shikenan shekarar ta tafi. Ka ɗaga kai ka duba rassan ko akwai kauci, shi kam tsotse ta yake yi.

Uwar_Lambu:
Ba kaɗanya kaɗai ba ce fa. Kuka ma akwai wadda za ta yi fure tsaf amma ba ta ɗaura 'ya'ya, furenta da dare yake buɗewa jemagu ne ke kai mata barbara, haka ɗorawa ma. Gawo kuwa nasa daban, lokacin da kowa ke kore shar da damina shi kaɗe ganyensa yake, sai rani ya toho.

Mai_Gandu:
Ikon Allah. Na duba, akwai kauci a manyan rassa biyu. In na cire za ta kamo 'yar uwarta?

Ɗan_Daji:
Za ta farfaɗo amma in asalinta mai ƙarancin haihuwa ce ba za ta kamo ta ba gaskiya. Ka datse reshen can ƙasa da inda kaucin ya kama don saiwarsa na cikin itacen, in ka fizge shi kawai sake tohowa zai yi. In yawa kake so sai aure, kamar dai mangwaro ɗan aure, a yanko tsiron mai haihuwar a ɗaura kan ƙananan da suka fito a gonar, haka ake yi wa magarya da irin Gola na Indiya mai manyan 'ya'ya. Sai dai kaɗanya na da ƙaro, ba kowane ɗauri ke kamawa ba, ka yi da yawa.