Allon kwamfutar cinyata yakan ƙi kawo haske wani lokaci idan na kunna ta

Malamar Lissafi ta rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masana a kan wata matsala da ta addabe ni kusan wata biyu ke nan. Ina da kwamfutar cinya wadda na saya ta hannu shekara uku da suka wuce, tana ɗauke da Windows 10, kuma a cikinta nake shirya tambayoyin jarrabawa da tattara makin ɗalibaina. Abin da ke faruwa shi ne, idan na danna maɓallin kunnawa, 'yar fitilar da ke gefe tana kamawa, ina kuma jin motsin fanka, amma allon sai ya tsaya baƙi ƙirin kamar ban taɓa ta ba. Ba kullum take yin haka ba. Wata rana ta tashi lafiya lau tun a karon farko, wata rana kuwa sai na kashe na sake kunnawa sau uku ko huɗu kafin ta nuna wani abu, kuma idan ta tashi takan yi aiki har dare ba tare da wata tangarɗa ba.

Na kai ta wurin wani mai gyara, sai aka yi rashin sa'a ta tashi a gabansa nan take. Ya ce allon ne ya fara mutuwa, a sayi sabo, wani abokin aikinsa kuma ya ce a goge komai a sake zuba Windows. Hankalina bai kwanta da ko ɗaya ba, domin babu wanda ya gwada komai a cikinsu. Makin ɗalibai na zango biyu yana ciki, jarrabawa kuma saura mako uku. Don Allah ta ina ya kamata in fara?

Tsohon Mai Gyara ya rubuta:

Wa alaikumus salam, Malama. Kin yi daidai da ba ki yarda aka sauya allo ko aka goge na'urar ba. Kafin komai, yau ɗin nan, da zarar ta tashi, ki kwafe makin ɗaliban nan zuwa filashi, domin duk abin da za mu tattauna yana iya jira amma wannan ba ya jira.

Baƙin allo iri biyu ne, kuma maganinsu ya sha bamban. Ko dai kwamfutar ta farka tana aikinta amma allon ne bai nuna ba, ko kuwa ita kanta ba ta kammala farkawa ba, don haka ba ta da abin da za ta aika wa allon. A waje duka biyun kamanninsu ɗaya, fitila na ci, fanka na juyawa, shi ya sa wanda bai gwada ba yake yanke hukunci da ka. Ranar da ta sake yi miki haka, kada ki yi gaggawar kashe ta. Ki ba ta kamar minti biyu, sannan ki danna maɓallin Caps Lock ki duba ko 'yar fitilarsa tana kamawa tana mutuwa. Idan tana amsawa, to na'urar a farke take. Daga nan ki kashe fitilar ɗaki, ki haska tocilar wayarki dab da allon ta gefe, ki zuba ido sosai. Allon irin wannan kwamfuta ba shi da hasken kansa, akwai jerin ƙananan fitilu a gefensa da ke haska hoton daga baya, kuma idan su ne ba su kama ba za ki hangi hoton dishi-dishi kamar rubutu a kan baƙar takarda. Bayan haka ki jona ta da talabijin ta wayar HDMI, idan bai nuna ba ki danna maɓallin Windows tare da P, ki ga ko hoton zai fito a can.

Idan kuwa Caps Lock bai amsa ba, talabijin ma shiru, to zargina na farko yana kan ram, wato ɗan siririn katin da kwamfuta ke riƙe aikin da take kai a cikinsa. A shekarun da na yi ina wannan sana'a, ram da ya ɗan goce daga mazauninsa ko ƙura ta shiga tsakanin haƙoransa ya fi komai yawan jawo irin wannan tashi yau a ƙi gobe, musamman bayan hunturu. Ana cire shi, a goge haƙoran nan masu ruwan zinariya a hankali da robar goge fensir, a mayar har a ji ya ce ƙas. Wasu kwamfutocin ma suna faɗin ciwonsu da kansu ta hanyar ƙyafta fitila ko yin ƙara sau wani adadi, kuma kowane kamfani yana da fassarar nasa adadin, saboda haka idan kin ga ƙyaftawa ki ƙirga ta. Tambaya ɗaya nake so ki amsa mini: a lokacin da allon ya ƙi, tambarin kamfanin yakan fara fitowa sannan ya ɓace, ko tun farko babu komai?

Ɗalibin Kwamfuta ya rubuta:

Baba ya yi bayani mai gamsarwa, ni dai zan ƙara ɓangaren manhaja ne, domin gwada shi ba ya cin ko kwabo. Tun daga Windows 8, wadda ta fito a 2012, akwai wani tsari mai suna Fast Startup, wanda ke sa kwamfuta ba ta mutuwa gaba ɗaya idan an kashe ta, sai ta ajiye wani ɓangare na halin da take ciki domin ta tashi da sauri. Wani lokaci direban hoto, wato manhajar da ke sarrafa abin da allo ke nunawa, yakan kasa dawowa daidai daga wannan ajiya, sai allo ya tsaya baƙi. Malama, ki riƙe maɓallin Shift yayin da kike danna Shut down, wannan zai kashe ta kashewa ta gaskiya, ko kuma ki shiga Control Panel, sashen Power Options, ki cire tsarin ɗungurungum. Haka kuma idan allon ya ƙi, ki danna Windows da Ctrl da Shift da B a tare, wanda ke sake tayar da direban hoto, galibi za ki ji 'yar ƙara. Ni kaina tawa ta taɓa yi mini haka, kuma wannan ne ya raba ni da matsalar.

Malamar Lissafi ta rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na kwafe makin tun daren jiya, na kuma cire tsarin da ƙanena ya ambata, amma da safiyar yau ta sake yi. Baba, tambarin ba ya fitowa sam, tun farko baƙi ne. Fitilar Caps Lock tana amsawa, talabijin ya nuna komai tar, kuma da na rufe labule na haska tocila, sai ga wurin rubuta kalmar sirri ina hange da ƙyar a tsakiyar allon. Wani abu kuma da ban taɓa lura da shi ba: ina ƙoƙarin karkato murfin domin in gani da kyau, sai hasken ya ƙyafta sau biyu, da na tura shi baya kaɗan sai ya kama gaba ɗaya.

Tsohon Mai Gyara ya rubuta:

Madalla, Malama, kin yi rabin aikin da kanki. Shawarar ɗana tana da kyau kuma takan yi amfani, sai dai tunda tambarin kamfani ma ba ya fitowa, matsalar ta riga Windows zuwa, don haka goge na'urar da ba zai amfana miki komai ba. Ram ma ya fita daga zargi tunda talabijin ya nuna. Hoton da kika hanga da tocila yana nufin allon yana karɓar hoto, hasken bayansa ne kawai ke yankewa, kuma ƙyaftawar da ya yi sa'ad da kika motsa murfi ita ce shaida mafi ƙarfi.

Akwai wata siririyar waya da ta taso daga babban fanel ɗin kwamfutar, wato farantin ciki da duk kayanta ke jone da shi, ta ratsa ta gaɓar da murfi ke lanƙwasawa, ta shige bayan allo. A cikinta akwai zarurruka masu laushi kamar gashi, wasu na ɗaukar hoto, wasu na ɗaukar wutar fitilu da umarnin kunna su. Duk buɗewa da rufewa sai ta murɗa, kuma bayan shekaru wani zare yakan tsinke a cikin rigarsa, ya riƙa haɗuwa yana rabuwa gwargwadon yadda murfin ya tsaya. Wani lokaci ma ba tsinkewa ba ce, bakinta ne ya ɗan zame daga inda aka soke shi. Da fis ɗin fitilun ne ya ƙone, da hasken ba zai taɓa dawowa ba ko sau ɗaya. Ba na cewa allon kansa ba zai iya zama mai laifi ba, amma shi ne na ƙarshe a layi, kuma kuɗinsa ya ninka na wayar sau da yawa.

Ki koma wurin mai gyara, ki nuna masa yadda hasken ke zuwa yana tafiya da motsin murfi, ki ce ya fara cire bakin wayar ta ɓangarorin biyu ya sake soke shi da kyau. Ki tsaya a kansa ki tabbata ya zare caja ya kuma cire mahaɗin batir daga fanel kafin ya taɓa wayar nan, domin layin fitilun yana iya ɗauke da wuta ko da na'urar a kashe take, kuma na sha ganin inda gaggawa ta ƙona fis ko abin da ya fi fis, ƙaramin gyara ya koma babba. Idan sauyawa ta kama, akwai lamba a manne jikin tsohuwar wayar, da ita za a nemo sabuwa, saboda wasu haƙoransu 30 ne wasu 40, kuma ko masu adadi ɗaya ba lallai su dace da juna ba. Ya kuma duba gaɓar murfin, idan ta yi tauri ko ƙusoshinta sun kwance, ita ce za ta sake cinye sabuwar. Kafin ki samu zuwa, ki bar murfin a buɗe a daidai inda hasken ke kamawa, idan kuma dole ne ki rufe, ki riƙa ɗaga shi daga tsakiya ba daga kusurwa ba.

Malamar Lissafi ta rubuta:

Baba, na je yau bayan an tashi daga makaranta, na kuma tsaya har ya cire batir ɗin a gabana. Da ya buɗe, sai ga rigar wayar ta goge a daidai gaɓar hagu, har ana ganin zarurrukan a waje, ƙusa ɗaya kuma ta kwance tana yawo a ciki. Ya ɗauki lambar, ya ce sabuwar za ta iso ranar Alhamis. A yanzu na ajiye kwamfutar a kan tebur a buɗe, da talabijin nake ƙarasa tambayoyin jarrabawar.