Wai in ban ba da zakka ba ina ƙarƙashin la'ana ke nan?

Maman Biyu:
Salama gare ku 'yan'uwa cikin Ubangiji. Don Allah ku taimaka min da wani abu da ya hana ni barci. Wata uku ke nan ban cire zakka ba saboda kuɗin makarantar yara da maganin surukata, to ran Lahadi mai wa'azi ya buɗe Malakai 3:8-10 ya ce duk wanda bai kawo ba ɓarawo ne kuma la'ananne, ni dai ina zaune a layin zumuntar mata ji nake kamar ƙasa ta tsage in shige. Katin zakkar tawa ma na ɓoye shi cikin littafin waƙa. Shin wannan la'anar tana kanmu har yanzu?

Ɗan Mawaƙa:
Mama ki kwantar da hankalinki. Galatiyawa 3:13 ta ce Almasihu ya fanshe mu daga la'anar Shari'a, to wace kuma ta rage? Malakai da Isra'ila yake magana, lokacin akwai Haikali da Lawiyawa marasa gādon ƙasa, da zakkar suke ci. Kuma ki duba Maimaitawar Shari'a 14, akwai zakkar da mai ita da kansa yake ci da iyalinsa a gaban Ubangiji, ta shekara ta uku kuma har da marayu da gwauraye da baƙi, amma wa ya taɓa jin an yi wa'azin wannan? A ɗauki aya ɗaya a bar saura, ai ba haka ake yi ba.

Baba Dattijo:
Ɗana, sannu da karatu, amma a bi a hankali. Ibrahim ya ba Malkisadik ushiri a Farawa 14 tun ba a haifi Musa ba. Shekaruna 19 ina riƙe asusun ikkilisiya a ƙauye, na ga watan da fasto ya koma gida da mudun dawa shida, ba ko sisi. Masu cewa muna ƙarƙashin alheri da yawansu hannunsu ne kawai ba ya shiga aljihu. 'Yata, la'ana kam babu a kanki, wannan na yarda.

Ɗan Mawaƙa:
Baba gaskiyarka, ni ma ban ce a daina bayarwa ba fa. Amma a taron Urushalima, Ayyukan Manzanni 15, abu huɗu aka ɗora wa al'ummai, wato masu bi waɗanda ba Yahudawa ba, babu kaciya babu zakka a ciki, Bitrus ma karkiya ya kira ɗora musu Shari'ar Musa. 2 Korantiyawa 9:7 cewa ta yi kowa ya bayar yadda ya yi niyya a zuciyarsa, ba don tilas ba.

Maman Biyu:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Baba, to wata ukun da suka wuce fa, bashi ne a kaina ko in ci gaba daga wannan watan?