Na sauya furosesa, kwamfuta ta fara ɗaukewa: in mayar ko in sayi bod?

Ɗan Agege: Assalamu alaikum jama'a, ina neman shawara kafin Asabar. Kwamfutar da nake haɗa bidiyon biki da ita, bod ɗinta (babban allon da komai ke zama a kai) B450 ne, furosesa Ryzen 5 2600 ke kai. Na sayo Ryzen 5 5600 na hannu a Ikeja na ɗora. Da farko fanka na juyawa, sikirin baƙi ƙirin. Na mayar da tsohon, na sabunta BIOS (manhajar bod da ke tayar da kwamfuta), na sake ɗora sabon, ta tashi. To yanzu da safe sai ta kunna ta mutu ta sake kunnawa kafin Windows ya fito, in kuma na sa ta fitar da bidiyo, tana kai tsakiya sai ta ɗauke ta tashi da kanta. Ko shuɗin allon da Windows ke nunawa in ya samu matsala babu. Mai shagon ya ce in da matsala in dawo da shi kafin Asabar, bayan nan ba ruwansa. In mayar, ko in riƙe in sayi sabon bod? Aikin biki biyu na cikinta ban ba masu shi ba.

Abu Mile 12: BIOS ne. B450 tun 2018 yake, 5600 sai 2022 ya fito, ba su san juna ba. Sabunta kawai.

Ɗan Agege: Yaya, ai na ce na sabunta.

Baban Hanifa: Ni in na ji kalmar BIOS gabana faɗuwa yake. Bara na zauna zan yi irin naka, na sa filash, layin nan ya kai rabi, aka ɗauke wuta. Ba UPS. Daga nan ba ta sake tashi ba. Na ɗauke ta niƙi-niƙi a danfo har Otigba, kasuwar kwamfuta ta Ikeja, wani yaro ya tare ni tun bakin gada ya kai ni wani shago a sama. Mai gyaran bai ko bari ta ɗumama ba ya fizgi fankar, furosesa ya biyo ta a manne, ƙafafu sun lanƙwashe a gefe ɗaya. Ina tsaye ina haska masa da waya yana miƙe su da reza, yana ce min ba komai. Ya karɓi 20,000 na sake rubuta BIOS. Na dawo gida na duba, RAM ɗina 16 ya koma 8. Da na koma sai ya ce haka na kawo ta. Allah ya isa, ban yafe ba.

Abu Mile 12: 20,000? An yanke ka Baba. A Alaba 5,000 aka yi wa ƙanena.

Mai Gyara Idi-Araba: 5,000 ɗin na sabuntawa ne da filash. Wanda ya mutu sai an ciro ɗan guntun an rubuta shi da na'ura, ni 12,000 nake karɓa kuma a gabanka zan yi. Ku daina haɗa aiki biyu.

Baban Hanifa: Ba kuɗin ke min ciwo ba, RAM ɗin ne. Duk wanda zai kai gyara ya ɗauki hoton lambar kowane abu kafin ya miƙa.

Injiniya: Ɗan Agege, kada ka sayi komai tukuna. Tunda ta tashi har ta shiga Windows, bod ɗin ya karɓi furosesan. Kashe ta, zare wayar wuta, cire ɗan batirin CR2032 na ɗan lokaci ka mayar, don saitin tsohon furosesa ya goge. Ka shiga BIOS ka kashe XMP, saitin da ke ƙara wa RAM gudu, wasu bod DOCP suke kiransa. Wannan kunna-mutu na safe yawanci bod ne ke ƙoƙarin daidaita RAM yana kasawa. In sanduna biyu ne, su zauna a rami na biyu da na huɗu daga wajen furosesa. Sa MemTest86, manhajar gwada RAM, ya kwana. Sannan ka buɗe manhajar HWiNFO ka ga zafi lokacin fitar da bidiyo, iyakar 5600 digiri 90 ce. Ka goge tsohon man da ke kan fankar ka shafa sabo, ko haka ka ɗora? Abu ɗaya za ka riƙa taɓawa a lokaci guda. In duk ka yi tana ɗaukewa, ka mayar da 2600 ka ba ta aikin nan dai. Ta gama lafiya, to ka mayar wa mai shago kayansa.

Mai Gyara Idi-Araba: Injiniya, wannan karatun littafi ne. Kwamfutar da ke ɗaukewa ba shuɗin allo, fawa-fak ne, akwatin da ke ba ta wuta. Kullum su nake gani a kan teburina, an rubuta wat 500 a jiki, ka ɗaga shi ba nauyi ko kaɗan.

Injiniya: 2600 wat 65 ne, 5600 ma wat 65. Fawa-fak ɗin da ya riƙe wancan me zai hana shi riƙe wannan?

Mai Gyara Idi-Araba: A takarda. Kai nawa ka taɓa buɗewa da hannunka? Ni da wannan sana'ar na yi aure.

Injiniya: Shawarata kyauta ce, taka sai an sayi kaya. A wajen wa za a saya?

Maman Kafe: Ku yi a hankali, kafin ku gama amaryar ta haihu, sai a haɗa bidiyon da na suna. Ni dai abin da zan ce, Ɗan Agege, kwashe aikin mutane zuwa wani diski tun yau. Mu da aka sauya mana furosesa a shago wani rubutu ya fito kan fTPM, ma'ajiyar mabuɗan tsaro, yaron ya danna Y bai karanta ba, BitLocker, makullin diski na Windows, ya kulle mu. Ba don mabuɗin yana cikin asusun Microsoft ba da takardun kwastomomi sun tafi.

Ɗan Agege: Na gode Hajiya, yanzu nake kwashewa. Injiniya, gaskiya tsohon man na bari. Na duba tarihin Windows, Kernel-Power 41 kawai nake gani.

Mai Gyara Idi-Araba: Ka ji ko, fawa!

Injiniya: Wannan lambar cewa kawai take an mutu ba a yi sallama ba. Ba ta faɗin dalili.

Abu Mile 12: Wai a wutar gari kake aiki ko janareta? Mu nan wutar da ake ba mu ko fanka da ƙyar take juyawa, ina ga kwamfuta.

Baban Hanifa: Yauwa, ka taɓo wajen. Tun Afrilun 2024 da aka kai Band A, rukunin masu samun wuta da yawa, naira 225 kowane yunit aka ce awa 20 za a riƙa ba mu a rana. Kuɗin dai muna biya. Da akwai wutar ai da bod ɗina na nan da ransa.

Maman Kafe: Ku da kuke da mita ma kenan. Mu bil ɗin kintace ake kawo mana, wata guda taransifoma na kwance, takarda ta zo cif.

Ɗan Agege: To jama'a, Asabar fa. In mayar ne?

Abu Mile 12: Hajiya, kin cike fom ɗin mitar kuwa? Mu sai da muka haɗa kuɗi layi guda.