Wace kalma za mu sa wa CR a wasan Dungeons & Dragons?

Bashir: Salamu alaikum. A wasan nan na tebur, inda tawagar 'yan wasa ke yaƙar dodanni da jifan dayis, masu jagorancin wasa da Hausa suna ta cewa "si'ar" idan za su faɗi ƙarfin dodo, wato CR, taƙaicen Challenge Rating. Ya kamata mu tsayar da kalma guda. Tun bugu na uku na shekarar 2000 ake amfani da lambar. A bugu na biyar na 2014 tana farawa daga 0, sai 1/8, 1/4, 1/2, sannan 1 har zuwa 30. Ma'anarta: dodo mai lamba 3 zai ba mayaƙa huɗu 'yan mataki na 3 aiki, amma bai kamata ya kashe ɗayansu ba in sun shigo a huce da kayansu. Ni na kawo "matakin ƙalubale". Me kuka gani?

Malama Rabi: Wa alaikumus salam. Malam Bashir, "mataki" ya riga ya shiga hannu, shi muke faɗa wa hawan ɗan wasa daga 1 zuwa 20. In ka ce dodo ɗan mataki na 2, sabon jagora zai ɗauka daidai yake da mayaƙi ɗaya ɗan mataki na 2, alhali da mutum huɗu aka gwada shi. Wannan ruɗanin kaɗai ya isa ya hallaka tawaga. "Aji" ma kar a taɓa shi, shi ne mayaƙi, matsafi, ɓarawo da sauransu.

Habu: To a ce "ƙarfin dodo" mana, kowa zai gane.

Auwal: Habu, ƙarfi yana cikin siffofi shida da ke kan takardar kowane dodo, kuma lambar da muke magana ba daga shi take fitowa ba. Ga yadda littafin jagora na 2014 ya ce a fitar da ita. Ana lissafi biyu. Na farko na kariya: ka duba yawan jinin dodon a jadawali, wato ɓarnar da zai iya ɗauka kafin ya faɗi, ya ba ka lamba, sai ka dubi sulkensa, wato lambar da mai hari zai kai kafin ya same shi. Duk maki biyu da sulken ya ɗara abin da jadawalin ya zata, ka ƙara ɗaya, in ya gaza da biyu ka rage ɗaya. Na biyu na hari: ka ɗauki matsakaicin ɓarnar da zai yi a zagaye uku na farko, ka gyara da ƙarin harinsa, wato lambar da ake ƙara masa a kan dayis mai fuska 20 in zai kai hari, ta wannan hanyar. Ka haɗa biyun ka raba biyu. Kun ga abu ne da aka auna, shi ya sa nake ganin "awo" ya dace. Awon dodo.

Malama Rabi: Yaya Auwal, wannan ta zauna a baki. "Awonsa kwata ne", "awonsa rabi", "awonsa biyar". Rabi da kwata dama abokan awo ne, ba wanda zai ce mataki kwata. Sai dai ina da sharaɗi: kar mu yi amfani da kalmar ga faɗan baki ɗaya, domin awo ba ya taruwa yadda mutane suke zato.

Ku ɗauki ƙaramin dodon nan goblin, yadda yake a littafin dodanni na 2014. Awonsa kwata, jininsa 7, sulkensa 15, ƙarin harinsa 4, ɓarnarsa dayis mai fuska 6 da ƙarin 2. Ku ɗauki ƙaton nan ogre: awo 2, jini 59, sulke 11, ƙarin hari 6, kulkinsa na cin 13 a matsakaici. Wanda ya tara kwata huɗu zai ce goblin huɗu awo 1 ne, rabin ogre ke nan. To a sa musu mayaƙi mai sulke 16. Ogre na buƙatar 10 ko sama a dayis mai fuska 20, wato sau 55 cikin 100 zai same shi, ɓarnarsa a zagaye ta kama kusan 7. Kowane goblin na buƙatar 12, sau 45 cikin 100, amma hannu huɗu ne ke sara, jimillarsu kusan 10 a zagaye. Ƙananan sun fi ƙaton ɓarna a farkon faɗa, ga shi suna iya kewaye matsafi mai jini 8 su bar mai sulke yana haki. Sauƙinsu ɗaya, duk wanda ya faɗi ɓarnar ta ragu, shi kuwa ogre da jini 1 ma dukansa na nan yadda yake, kuma duka ɗaya ya isa ya kwantar da mayaƙi ɗan mataki na 1 mai jini 12.

Bashir: Shi ya sa littafin 2014 ya kawo ninki. Kowane awo na da makin da ake samu in an kayar da dodon. Dodo biyu a ninka makinsu sau ɗaya da rabi, uku zuwa shida sau biyu, bakwai zuwa goma sau biyu da rabi. Goblin huɗu maki 200, a ninka ya zama 400, kuma 400 ita ce mafarin faɗa mai kisa ga mutum huɗu 'yan mataki na 1. Ogre guda 450 ne. Kusan kunnen doki. Bugun 2024 ya cire ninkin, don haka mai aiki da sabon littafi sai ya riƙa ƙirga hannaye da kansa.

Auwal: To ga ta biyun: "nauyin faɗa". Awo na dodo guda ne, nauyi na faɗan da jagora ya haɗa. Nauyi shi ke ɗauke da yawan dodanni, filin da ake yi, da gajiyar tawaga. Lissafin 2014 ya zaci faɗa shida zuwa takwas a yini kafin dogon hutu. Jagoran da ke ba da faɗa ɗaya a yini zai ga matsafa sun zazzage duk tsafinsu a zagaye biyu, dodon da awonsa ya wuce matakinsu da uku ya faɗi kamar ba komai. Babban dodo shi kaɗai ma haka: juyi ɗaya yake samu a kowane zagaye, su huɗu. Dalilin da ya sa ake ba manyan dodanni ƙarin motsi uku a tsakanin juyin 'yan wasa ke nan, da damar ture tsafi sau uku a yini.

Habu: Na yarda da awo, amma akwai abin da ba ya kamawa. Dodon inuwa a littafin 2014 awonsa rabi ne, jininsa 16, amma duk taɓawa yana zuƙe ƙarfi 1 zuwa 4, in ƙarfin ya kai sifili mutum ya mutu ko da jininsa cike yake. Matsafi mai ƙarfi 8 taɓawa uku ko huɗu ce. Dodo mai tashi sama kuma, in tawaga ba ta da baka, awonsa ƙarya ne.

Malama Rabi: Gaskiyarka, ƙanena, kuma kalmar ba ta hana a faɗi haka ba. Sai jagora ya ce "ya fi awonsa" ko "bai kai awonsa ba", kowa a tebur ya gane. Masu yin Pathfinder, wani wasa irin wannan, bugu na biyu na 2019, su ci gaba da cewa "mataki", tunda a can mataki ake ba dodo, ana gwada shi da na tawaga daga ƙasa da huɗu zuwa sama da huɗu.

Bashir: Na janye tawa. A takardar dodo za mu rubuta "Awo: 1/4", a shirin jagora kuma "Nauyi: mai sauƙi, matsakaici, mai tsanani, mai kisa". Saura ƙarin motsin nan uku na manyan dodanni, wanda ke da suna ya kawo.